Fuka ta Tashi wa Yaro: Inda Iyaye Suka Fi Kuskure

Iyaye da yawa a Jidda da Makka na ruɗewa idan likitan nan ya ce a yi wa yaro fesa huɗu na maganin fuka, wancan ya ce goma. Ba ƙarya ɗayansu ya yi ba. Ƙa'idar maganin fuka ta duniya, GINA, ta ce yaro mai shekara 6 zuwa sama a ba shi fesa 4 zuwa 10 na salbutamol, wato Ventolin shuɗi, duk minti 20 a sa'ar farko. Wanda bai kai 6 ba a fara da 2. Ingila ta ce fesa ɗaya duk daƙiƙa 30 zuwa 60, har 10. Saudiyya ma tana da tata, SINA. Kuskuren shi ne a haɗa wannan da wancan, ko a tsaya jayayya yaro na haki. A nemi likita ɗaya ya rubuta adadin a takarda, a liƙa a jikin firji.

Babbar matsalar ma ba adadin ba ce, yadda ake fesawa ne. Fesa kai tsaye a baki, yawancin maganin a baki da maƙogwaro yake tsayawa. A sa bututun da ake kira sifesa, mai marfin fuska ga ƙasa da shekara 4. A girgiza, a fesa ɗaya kacal, yaro ya ja numfashi 5 ko 6, sannan a sake girgizawa. Masu fesa uku a jere suna asarar magani. Bayan wanke bututun da sabulun kwanuka kada a goge da tsumma, a bar shi ya bushe, don gugar na sa maganin maƙalewa a jikin robar.

Ba sai an je shaƙar tururi a asibiti ba kafin a fara magani. Bututu na aiki kamar injin tururin a yawancin lokuta. Maganin tari da na kashe ƙwayar cuta ba sa buɗe huhu. Turaren wuta kuwa, duk daɗinsa, a fitar da shi daga ɗakin.

Prednisolone, maganin sha mai rage kumburin hanyar numfashi, kwana 3 ne zuwa 5, da awon nauyin yaro, daga hannun likita.

Idan yaro ya kasa ƙarasa magana, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, cikin leɓensa ya yi toka-toka, ko ƙarar ƙirjin ta ɗauke alhali yana galabaita, a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, a zaunar da shi, a ci gaba da fesawa har motar asibiti ta iso.