Yadda ake sayen agogo mai tsada idan niyyarka ajiye kuɗi ce

Yawancin waɗanda na ga sun sayi agogo mai tsada da sunan jari, labarin gwanjo ne ya ja su. Sun ji cewa agogon Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman ya tashi a kan dala miliyan 17.8 a gidan gwanjon Phillips da ke Niyok a 2017, ko kuwa wani agogon Patek Philippe ya kai faran (kuɗin Suwizalan) miliyan 31 a 2019. Duk gaskiya ne. Amma waɗannan agoguna guda ɗai-ɗai ne a duniya, babu abin da ya haɗa su da wanda za a miƙo maka a kanti a Dubai. Mafi yawan agoguna masu tsada darajarsu sauka take yi daga ranar da aka ɗaura su a hannu. Ƙalilan ne ke riƙe kuɗinsu, a cikin ƙalilan ɗin ma kaɗan ne ke kawo riba. Ba zan tsaya bayanin bambancin agogo mai batir da mai inji ba. Wanda bai kai nan ba tukuna, bai kamata ya fito da kuɗi ba.

Mataki na farko, rage zaɓinka. Kamfanoni uku ne kasuwar agogon hannu na biyu ta fi amincewa da su: Rolex, Patek Philippe da Audemars Piguet. Ko a cikinsu ma ba kowane samfuri ba. Waɗanda ake rububi su ne na ƙarfe marar tsatsa da aka ƙera don wasanni: Submariner, Daytona da GMT-Master na Rolex, Nautilus na Patek wanda ya fito a 1976, da Royal Oak na Audemars Piguet wanda ya fito a 1972. Sabon shiga kan ɗauka na zinare ko mai lu'ulu'u ne zai fi riƙe kuɗi tunda ya fi tsada a kanti. Sau da yawa akasin haka ake gani. Ni dai dokata ita ce, ƙarfe zalla, fuska baƙa ko fara ko shuɗiya, shi ke nan. Ga namiji Musulmi ma wannan ya raba shi da maganar sanya zinare. Wanda kuwa aka saya aka kai wa maƙeri ya lulluɓe shi da duwatsu masu ƙyalli, irin na mawaƙa, kada ka ko taya. An huda jikinsa, kamfanin da ya ƙera shi ba zai ƙara karɓarsa a matsayin nasa na asali ba, masu saye na gaske kuma gudunsa suke yi.

Omega, Cartier, Tudor da Grand Seiko agoguna ne masu kyau ƙwarai, wasu ma aikinsu ya fi kuɗinsu. In su kake so, sayi na hannu wanda wani ya riga ya sha faɗuwar farko.

Mataki na biyu shi ne inda nake so ka daɗe, domin a nan ake halaka. Kafin ka tambayi nawa za ka saya, gano nawa za a ba ka idan kai ne mai sayarwa, yau ɗin nan, kuɗi hannu.

Agogo ɗaya farashi uku yake da shi. Akwai na kantin da kamfani ya amince da shi. Akwai wanda dillalai ke liƙawa a kasuwannin intanet irin su Chrono24 ta Jamus. Akwai kuma wanda dillali zai ƙirgo maka idan ka kai masa naka. Sabon shiga na biyun kawai yake kallo. Ya buɗe waya ya ga an sa irin agogonsa a kan kaza, sai ya ce ai ya ci riba. Farashin da aka liƙa ba shi ne aka sayar ba, sallama ce ake jira a taya. Dillalin da zai saya a wurinka kuwa yana da hayar shago, yana da haɗarin agogon ya yi watanni a ajiye, yana kuma neman tasa ribar, dole ya karya maka.

Ga yadda ake yi a aikace. Samo lambar samfurin daidai, ba sunan kawai ba, domin Submariner iri-iri ne, kuma lamba ɗaya ta bambanta sai kuɗi ya bambanta da dubbai. Sai ka tuntuɓi dillalai uku aƙalla waɗanda ba su san juna ba, kuma ban da wanda za ka saya a wurinsa. Ka ce musu kana da wannan lambar, na shekara kaza, da kwalinsa da katin garantinsa, nawa za su saya. Ɗauki mafi ƙanƙanta cikin amsoshin, shi ne darajar agogon a wurinka. Wasu na ganin wannan kamar wasa da hankalin 'yan kasuwa ne. In kana jin nauyi, faɗa musu gaskiya cewa saye za ka yi kana son sanin mafita; dillali nagari zai ba ka amsa, wanda ya ƙi kuwa ya nuna maka halinsa da wuri.

Yanzu yi lissafi a takarda. A ce za ka saya a kan dala 12,000, dillalai kuma sun ce 10,500 za su biya. Tun kafin ka bar shagon ka yi asarar 1,500. Ɗora kuɗin fito idan daga waje za ka shigo da shi, da inshora ko akwatin ajiya na banki, da kuɗin gyaran inji. Rolex da kansu suna ba da shawarar a duba injin kamar duk bayan shekara 10, kuma wannan aikin ɗaruruwan daloli yake ci, na Patek da Audemars Piguet ya fi haka nesa. Idan jimillar, har da 1,500 ɗin, ta kai 2,500, to sai farashin da dillalai ke biya ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu kafin ka mayar da uwar kuɗinka. Riba sai bayan nan. A duk tsawon jiran agogon ba ya haihuwar ko kwabo, ba haya, ba rabon ribar shekara.

In ka ce ai gwanjo za ka kai, su ma gidajen gwanjo irin su Christie's da Sotheby's da Phillips suna ɗora wa mai saye la'adar da ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan kuɗin da aka buga guduma, mai sayarwa ma akan cire masa nasa. Adadin da ake bugawa a jarida ya haɗa da wannan la'adar, ba shi ne ya shiga aljihun mai agogo ba.

Kuma yi lissafin da dala, kada ka yi da naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi agogo kafin nan zai ga kuɗinsa ya ninka a naira, ya yi ta yabon agogon, alhali dala ce ta yi aikin. Da dalar ya ajiye a asusu, da ya samu wannan ninkin ba tare da dillali ya yanki komai ba. Tambayar da ta dace ita ce ko dalolin da za a ba shi yau sun kai waɗanda ya biya.

Mataki na uku, duba tarihin farashin na shekaru biyar ko fiye, ba na wata uku ba. Shafuka irin su WatchCharts suna nuna zanen hawa da sauka. Abin da za ka gani kusan iri ɗaya ne a duk samfuran da ake rububi: tashi mai tsanani daga 2020, ƙololuwa a watannin farko na 2022, sai gangara. Lokacin korona mutane na zaune a gida da kuɗi, kuɗin ruwa a Amurka kusan sifiri, masu kirifto na ta samun riba suna zubawa a agogo. Nautilus mai lamba 5711, wanda farashin kantinsa dala 30,000 ne da 'yan kai, ya haura 150,000 a hannun dillalai bayan Patek ta sanar a 2021 cewa za ta daina ƙera shi. Daytona na ƙarfe ya kai wajen ninki uku na farashin kanti. Daga Maris ɗin 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, kirifto ya faɗi, waɗanda suka sayi agogo don juyawa suka fito da su kasuwa a lokaci guda. Wanda ya saya a ƙololuwar nan, sunan Rolex ko Patek bai cece shi ba.

Riba mai tabbas tana wurin wanda ya samu irin waɗannan agoguna a farashin kanti, sai dai kantin ba ya ba kowa. Za a rubuta sunanka a ce ka jira, kuma wanda ya saba sayen kaya a wurinsu shi ake fara kira. Na ga masu sayen sarƙa da wasu agogunan da ba sa so don kawai su shiga idon mai kanti. In ka haɗa asarar waɗancan da ribar wannan, sau da yawa dawowa ake yi sifiri.

Mataki na huɗu, tantancewa. Jabun zamanin nan ya wuce a gane shi da nauyi ko da ido, sai an buɗe baya ƙwararre ya duba injin. Kada ka biya kafin wannan, kuma ƙwararren ya zama naka, ba na mai sayarwa ba. Lambar da ke jikin agogo ta yi daidai da ta katin garanti. A bincika lambar a The Watch Register, rumbun bayanan agogunan sata, kuɗin binciken kaɗan ne. Kwali da kati su ma ana buga na jabu, saboda haka ganinsu kawai ba hujja ba ne. Mai son kwanciyar hankali ya nemi shirin da Rolex ta fara a ƙarshen 2022, inda take tantance agogunanta na hannu ta ba su garantin shekara 2. Ya fi tsada, kuma wannan ƙarin ba lallai ya dawo maka ba ranar sayarwa.

Sauran aikin ba wuya. Ajiye komai: kwali, kati, rasit, har ƙullin madaurin da aka cire don ya yi maka daidai. Kada ka bari a goge jikinsa da inji don ya yi sheƙi, gugar tana cin kaifin gefunansa, masu saye kuma sun fi son ƙarce na asali. In za a kai shi gyara, rubuta musu cewa kada a canza fuska ko allurai ba da izininka ba, musamman tsohon agogo, inda fuskar da ta koɗe kan fi sabuwa kuɗi. Nisanta shi da maganaɗisu da laima. In da niyyar sayarwa ka saye shi, ya zama kayan kasuwanci, sai ka tambayi malami yadda zakkarsa take.

Ranar sayarwa, maimaita mataki na biyu: dillalai uku, wannan karon ka ɗauki mafi yawa. Sayar wa mutum kai tsaye ya fi kawo kuɗi, amma a haɗu a banki ko a shagon ƙwararren da zai tantance, kuma kada agogo ya bar hannunka sai ka ga kuɗin sun zauna a asusunka, ba saƙon waya ba.