Yadda ake zuwa wuraren shan lemo masu ɓoyayyar ƙofa a Riyad da Jidda

A 'yan shekarun nan an samu wani salo na wuraren zama a Riyad da Jidda: babu allo a waje, babu fitilar talla, ƙofar kuma tana bayan wani abu daban, ko kantar littattafai, ko ƙofar firiji, ko bangon wani ƙaramin shagon gahawa. Salon ya samo asali daga Amurka, lokacin da aka haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, mutane suka koma sha a ɓoye. A Saudiyya sifar kawai aka ɗauko. An hana barasa a ƙasar tun 1952, don haka abin da ake zubawa a waɗannan wuraren haɗaɗɗun lemuka ne marasa barasa, waɗanda ake kira moktel. Ɓoyon ado ne, wurin kuwa yana da rajista kamar kowane gidan abinci.

Wannan shi ne abu na farko da za ka tabbatar kafin ka sa takalmi, domin akwai wuraren da ɓoyonsu na gaske ne, kuma shigarsu na iya raba mutum da iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar. Wuri mai lasisi yana kan Google Maps da sunansa, yana da shafin Instagram a buɗe, yana karɓar katin mada, wato katin banki na Saudiyya, yana kuma ba da rasit na kwamfuta mai lambar QR, wanda hukumar zakka da haraji ta wajabta tun Disamba 2021. Idan gayyatar ta zo ta Snapchat ko WhatsApp daga wanda ba ka sani ba, aka ce wurin wata istiraha ce, wato gidan shaƙatawa na haya, a bayan gari ko wani gida, sai tsabar kuɗi, kada ka gaya wa kowa, to ka tsaya a gida. Baƙon da aka kama a wurin shan giya yana fuskantar ɗauri ko tara, sannan a mayar da shi ƙasarsa. Ga kuma haɗarin lafiya: giyar da ake dafawa a ɓoye kan zo da sinadarin metanol, wanda kaɗan daga cikinsa ke makantar da mutum ko ya kashe shi.

Idan ka tabbatar wurin halastacce ne, sai kama kujera. Yawancinsu ƙanana ne da gangan, shi ya sa zuwa ba tare da sanarwa ba yakan ƙare da tsayuwa a bakin titi. Daren Alhamis da na Juma'a su ne mafi cunkoso tunda hutun mako Juma'a da Asabar ne. Wanda yake son natsuwa da hira da mai haɗa lemon, ya zaɓi Litinin ko Talata. Lokacin kama wuri ka tambayi abu huɗu: ko akwai kuɗin ajiya da za a cire daga lissafinka, minti nawa suke riƙe tebur idan ka makara, awa nawa aka ba kowane tebur, da ko suna karɓar yara. Wasu suna turo kalmar shiga ko bayanin ƙofa a saƙon tabbatarwa. Ka ɗauki hoton saƙon a wayarka, domin intanet yakan yi rauni a ƙasan bene.

Ka yi sallar Isha kafin ka fita, ƙaramin wuri ba lallai ya sami ɗakin salla ba. A watan azumi kuwa sai bayan tarawihi harka take kankama. Game da sutura, jallabiya mai tsafta ko kaftani sun wadatar, mata kuma abaya ko doguwar riga. Masu gajeren wando da silifas ne aka fi mayarwa daga ƙofa. Tun ƙarshen 2019 aka daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar maza da ta iyali, saboda haka ka sa ran zaman a gauraye yake, da kiɗa a wasu wuraren. Wanda hakan bai kwanta masa ba gara ya tambaya tun a waya. Haka nan akwai malaman da ke ƙin zaman da ya yi kama da na mashaya ko da abin shan halal ne, wannan kuwa lamari ne da ya kamata mutum ya warware wa kansa tun kafin ya gayyaci abokai.

Wurin ajiye mota a titin Tahliya, na Riyad ko na Jidda, wahala ne da daddare, Uber ko Careem sun fi sauƙi. Taswira za ta sauke ka a gaban shagon da ke rufe da wurin. Ka shiga, ka yi sallama, ka gaya wa ma'aikaci sunan da aka kama tebur da shi. Kada ka hau tura bango da jan kantoci, ko ka buɗe ƙofar da ta kai kicin. Ma'aikacin ne zai nuna maka hanya. Ciki duhu-duhu ne, ka ɗan tsaya idonka ya saba kafin ka taka matakala.

Zaɓen abin sha shi ne inda kuɗin mutane ke tafiya a banza. Sunayen da ke cikin takardar ba sa gaya maka komai, abin dubawa shi ne jerin kayan haɗin da ke ƙasan kowane suna. Mafi sauƙi ka gaya wa mai haɗawa ɗanɗanon da kake so: mai tsami, mai ɗaci, mai yaji, ko mai zaƙi. Haɗi mai tsami da aka yi da kyau yakan kasance kusan mililita 60 na ginshiƙin abin sha, 25 na ruwan lemon tsami da aka matse a lokacin, da 20 na ruwan sukari. Wannan 20 ɗin kaɗai ta kai kusan ƙaramin cokali uku na sukari, don haka mai ciwon sukari ya ce a rage rabi, ya kuma duba adadin kalori, wanda doka ta sa a rubuta a takardar abinci tun 2019. Bahaushe zai ga abubuwan da ya sani: karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, ga citta, dabino da na'a-na'a. Waɗanda suka cancanci gwaji su ne masu lumi, wato busasshen baƙin lemon tsami, da hel, wato kayan ƙamshin da ake sa wa gahawar Larabawa, da ruwan wardin Ɗa'if. A ganinmu wurin da ya iya sarrafa waɗannan ya fi wanda ya dogara da kwalaben waje masu kwaikwayon ɗanɗanon giya. Idan an yi amfani da irin waɗannan kwalaben, kana da damar cewa a nuna maka, ka ga an rubuta 0.0, wato babu barasa ko kaɗan.

Akwai kayan haɗin da ba kowa ya kamata ya sha ba. Kumfar da ke saman wasu kofuna daga ɗanyen farin ƙwai ake yinta, mai juna biyu ta ce a sa ruwan dafaffen waken hummus a madadinsa, yana ba da kumfa iri ɗaya. Baƙin abin sha mai garin gawayi yana hana wasu magunguna shiga jiki. Garehul yana karo da wasu magungunan hawan jini da na kitsen jini. Ruwan almon da na fistak suna tayar wa wasu borin jini. Hayaƙin da ke malala daga kofi kuwa sau da yawa busasshiyar ƙanƙara ce, wato daskararriyar iskar carbon dioxide, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. Ka jira hayaƙin ya ƙare gaba ɗaya, kada ka taɓa gutsuren da hannu, kada ka haɗiye shi, yana ƙona baki da maƙogwaro.

Kofin da aka sa wa ƙatuwar ƙanƙara guda ɗaya an yi shi don sha a hankali, domin ba ta saurin narkewa. Mai niƙaƙƙiyar ƙanƙara kuwa, idan aka bar shi ana hira, cikin ɗan lokaci zai salamce. Ka fara da mai tsami ko ɗaci, ka bar mai madara ko dabino a ƙarshe.

Ɗaukar hoton kofinka ba laifi, amma dokar ɗa'ar jama'a ta 2019 ta sa tara a kan ɗaukar mutane ba da izininsu ba, kuma a ƙaramin ɗaki da wuya ka ɗauki bidiyo ba tare da fuskar wani ta shiga ba. Ka kashe filasha, ka karkata wayar zuwa tebur. Da lissafi ya zo, ka gwada shi da farashin takardar: harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari ya kamata ya riga ya shiga farashin da aka rubuta. Ka duba ko an cire kuɗin ajiyarka. Idan an ƙara wani abin da ba a sanar da kai ba kuma manaja ya ƙi gyarawa, ka riƙe rasit ɗin, ka kira layin ƙorafi na ma'aikatar kasuwanci a 1900.