Kurakuran da aka fi yi wajen taƙaita wasan kwaikwayo don dandamali

Da wuya a ɗora wasan kwaikwayo a kan dandamali yadda yake a littafi ba tare da an rage masa wani abu ba. Hamlet na Shakespeare kalmominsa sun kusa 30,000, in za a yi shi duka sai an ci wajen awa huɗu, shi ya sa akasarin masu shirya shi sukan datse. A gasar makarantun sakandare ta jihar Texas a Amurka ƙa'ida ce kada wasa ya wuce minti 40, ko da asalinsa na awa biyu ne. A wajenmu ma haka abin yake, ranar bikin makaranta ko makon al'adu sai a ce wa ƙungiyar wasa ga rabin awa. Ragewa dai dole ce. Inda ake samun matsala shi ne mai ragewa ya san labarin ciki da waje, sai ya manta cewa ɗan kallo bai sani ba, abin da ya gani da abin da ya ji a wannan zama shi ke nan iyakar abin da yake da shi. Yawancin kurakuran da ke tafe daga wannan mantuwa suke fitowa.

Amma kafin a ɗauki fensir akwai maganar izini, kuma ana yawan tsallake ta. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, rubutaccen aiki yana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, kuma taƙaitawa ko sauya fasali na cikin abubuwan da sai da yardar mai haƙƙi. Kamfanonin da ke ba da lasisin wasanni a Amurka da Ingila, irin su Concord Theatricals, suna sa sharaɗin kada a sauya rubutu sai da izini a rubuce. Shakespeare ya rasu tun 1616, babu mai hana a datse aikinsa, amma fassara tana da nata haƙƙin. Wanda zai taƙaita Daren Sha Biyu, fassarar Hausa da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan Shakespeare mai suna Twelfth Night, aikin mai fassarar yake taɓawa. A rubuta wa marubuci ko magadansa ko kamfanin da ya buga, a haɗa da kwafin da ke nuna wuraren da ake son cirewa.

Yanka kafin awo

Mutane da yawa sukan fara soke layuka tun ba su san minti nawa suke nema ba. A zaɓi shafi uku masu bambancin yanayi, ɗaya na cacar baki mai sauri, ɗaya na doguwar magana ta mutum guda, ɗaya mai shiga da fita da yawa. 'Yan wasa su yi su a tsaye, da muryar da za ta kai bayan zaure, a riƙe agogo. Karatun zaune yana ruɗi, domin ya fi wasan gaske sauri nesa ba kusa ba. Idan shafi ukun sun ci minti 6, kowane shafi minti 2 ke nan, littafi mai shafi 60 kuma awa biyu. Wanda aka ba minti 40 ya san kashi biyu cikin uku ne za su tafi.

Ko minti 40 ɗin ma ba duka na magana ba ne. Sauya fage sau 8, kowanne daƙiƙa 30, ya ci minti 4. Ga kiɗan buɗewa, ga dariyar 'yan kallo da dole ɗan wasa ya dakata ta lafa. Mai hankali yana nufin minti 34 ko 35 a wajen gwaji.

Tsakurar kowane shafi

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma wanda ya fi kama da adalci. Mai taƙaitawa yana jin nauyin cire fitowa sukutum, sai ya bi shafi-shafi yana tsakurar layi biyu nan, uku can. A ƙarshe dukkan fitowa suna nan, dukkan mutane suna nan, amma babu wadda ta nuna. Faɗa yana farawa ya ƙare kafin ɗan kallo ya gane abin da ya haɗa su, kuka yana zuwa ba a ga dalilinsa ba. Tsakura tana da amfani idan kashi ɗaya cikin goma ake son ragewa. Idan rabi ne ko fiye, sai an cire manyan sassa.

Gyaran yana farawa da takarda guda. A jera kowace fitowa a layi ɗaya, a rubuta abu uku a gabanta: su wa ke ciki, wane sabon abu ɗan kallo ya sani a cikinta, me ya sauya tsakanin farkonta da ƙarshenta. Fitowar da aka rasa abin rubutawa a gurbi na biyu da na uku ita ce ta farko da za ta tafi, kome daɗin maganganunta. Daga nan a faɗi labarin a jimla ɗaya, wane ne yake son me, me ya tare masa hanya, ina abin ya ƙare. Duk ƙaramin labarin da ke tafiya a gefe, wanda za a iya zare shi jimlar nan ta tsaya da ƙafarta, a zare shi duka, tun daga inda ya tsiro har inda ya mutu. Da ɗan wasan Ingila Laurence Olivier ya shirya Hamlet a fim a 1948, mutum uku na cikin labarin, Fortinbras da Rosencrantz da Guildenstern, ya cire ɗungurungum. An yi ta muhawara a kan abin da aka rasa, musamman ɓangaren siyasar labarin, amma abin da ya rage yana tafiya daidai. Sai an gama wannan babban aiki sannan a koma tsakurar layuka.

Cire shuka a bar girbi

Duk abin da zai fashe a ƙarshen wasa, marubuci ya binne shi a wani wuri tun farko, sau da yawa cikin magana mai kama da hira kawai. Irin wannan maganar ce fensir ke fara hawa. A ɗauki misalin wasa a kan rikicin gadon gona. A fitowa ta 2 yarinya tana shara a ɗakin kakarta:

LADIDI: Inna, wannan tsohuwar adakar ba a fitar da ita ba? Ta cika ɗaki.
INNA: Bar ta inda kika gan ta. Malam da kansa ya kulle ta, ba mai buɗewa sai ranar ta zo.
LADIDI: To, Inna.

Layi uku ne, ba su ciyar da rikicin gaba ba, sai a soke su. A fitowa ta 9 kuma, a gaban mai unguwa, Inna ta sa a ɗauko adaka a fito da takardar gonar. Ɗan kallon da bai taɓa jin labarin adakar ba zai ga kamar an jefo mafita daga sama ne. Ba sai an bar layukan uku ba, na Inna kaɗai ya isa, ko ma a ga Ladidi ta kai hannu Inna ta tsawatar mata da kalma ɗaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a rasa shi gaba ɗaya.

Hanyar kama wannan ita ce karanta wasan daga ƙarshe zuwa farko. Duk kayan da aka ɗauka, duk sunan da aka ambata, duk alkawari ko rantsuwa ko asirin da ya tonu, a nemo inda aka fara kawo shi a tabbatar yana nan. A yi kuma ta ɗaya gefen, idan an cire girbin a cire shukar, kada a bar ɗan kallo yana jiran buɗe adakar da ba za a buɗe ba. Haka idan an cire mutum, a bi littafin a share duk inda wasu suka kira sunansa ko suka ce “kamar yadda Ɗanjuma ya gaya mana jiya”.

Ƙananan ɗinki ma suna warwarewa. An cire tambaya an bar amsa, sai mutum ya ce “A'a, ranka ya daɗe” ba wanda ya tambaye shi kome. An cire layin da ya ambaci Hajiya, na gaba yana cewa “ita”, ba a san wace ba. An cire kalmar da mai fitila ko makaɗi ko ɗan wasan da ke bayan labule yake jira kafin ya yi nasa. Duk inda aka datse, a karanta layi biyu na sama da biyu na ƙasa da ƙarfi a ji ko sun haɗu.

Gaisuwa, karin magana da waƙa

A wasannin Hausa gaisuwa tana cin lokaci, kuma kashi biyu ake yin kuskure a kanta. Wasu sukan bar ta duka a kowace shiga, daga ina kwana har ina gajiya da iyali da labari. Wasu sukan share ta kaf, sai a ga suruki ya faɗo zauren surukinsa ya fara zance a tsaye, abin da ɗan kallo ba zai yarda da shi ba. A bar cikakkiyar gaisuwa sau ɗaya kusa da farko don a san gidan da mutanensa, sauran a mayar da su sallama da amsa. Inda gaisuwar ce take ɗauke da wasan kuwa, kamar kishiya ta gaida uwargida ta amsa da “lafiya” guda ta kau da kai, kada a taɓa ko harafi.

Idan dattijo ya jero karin magana uku a kan batu ɗaya, a bar wadda ta fi cizo. Waƙa kuma baiti ake cirewa cikakke. Wanda ya gutsure rabin baiti ya karya amsa-amo da kari, kunne kuma yana jin karayar nan take.

Akwai wani wurin samun lokaci da ba a cika lura da shi ba. Wasu rubutattun wasanninmu, irin na Shu'aibu Maƙarfi, a rediyo suka fara kafin su zama littafi. Wasan rediyo dole ya faɗi da baki abin da ido ba ya gani: ga wane nan tafe, me kake riƙe da shi haka, zauna a kan tabarmar nan. A dandamali ido ya riga ya gani, irin waɗannan layuka suna fita ba a rasa kome ba.

Abin da ke faruwa a bayan labule

Wata fitowar ba don labari kaɗai aka sa ta ba. Hirar 'yan aike biyu a bakin hanya tana iya zama ita ce minti ukun da tauraro ke buƙata ya tuɓe kayan gona ya sa babbar riga ya naɗa rawani. A cire ta, sai a bar 'yan kallo suna kallon labule, kuma minti ɗaya na shiru ya fi minti uku na magana tsawo a wajensu. A zana jadawali, sunayen 'yan wasa a tsaye, fitowa a kwance, a sa alama inda kowa yake ciki. Nan take za a ga wanda ya fita ya dawo babu tazara. Jadawalin ne kuma zai nuna ko ɗan wasa ɗaya zai iya ɗaukar mutum biyu, ko kuwa ragewar ta haɗa su a fitowa guda.

Haɗe ƙananan mutane dabara ce mai kyau, dogarai uku su koma ɗaya, maƙwabta biyu su koma ɗaya. A dai duba abin da kowannensu ya sani. Idan maƙwabciyar farko ta ga ɓarawon, ta biyun kuma tana mamakin wanda ya yi satar, ba sa haɗuwa sai an gyara.

Fitowa biyu da ke faruwa a wuri ɗaya, in an cire ta tsakaninsu, ana iya manne su a huta da sauya fage, muddin an bar wata alama da ke nuna kwanaki sun wuce.

Wanda aka fi zalunta da fensir

Mai taƙaitawa yakan ƙaunaci tauraro, sai ya bar masa dogayen jawabansa ya aske na abokin hamayyarsa. Wannan yana kashe wasa. Idan kawun da ya riƙe gonar ba shi da hujjar da mai hankali zai saurara, misali cewa shi ya yi shekara ashirin yana nomanta yana ciyar da marayun, to babu shari'a, tun fitowar farko an san hukunci. Dogon jawabi yawanci daga tsakiya ake rage shi, inda ake maimaita batu da misalai, a bar mafarinsa da inda ya sauka.

Ban dariya ma haka. Wasu sukan ga wasa ne mai nauyi, sai su share duk raha don a kai ga jigo da wuri, alhali rahar ce ke ba ɗan kallo numfashi kafin abin tausayi ya zo. In za a bar barkwanci a bar shimfiɗarsa, in ba wuri a cire shi duka. Mai ba da labari da ake ƙirƙirowa ya tsaya a gefe yana toshe ramukan da aka haƙa, a yi hattara da shi. Sau ɗaya ko biyu ba laifi, in ya kai sau biyar alama ce an cire abin da ya kamata a gani.

Ranar da ake tsayar da fensir

A soke da fensir, layi ɗaya siriri, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, domin wani abin zai dawo. Kwafi ɗaya ne uwa, yana hannun mai kula da dandamali, kowane sabon gyara da kwanan watansa. In ba haka ba sai a zo gwaji wannan yana kan gyaran Litinin wancan yana kan na Alhamis. Babban ragi a gama shi kafin a raba matsayi, don kada wani ya haddace shafi biyar a ce masa an cire, kuma kada a riƙa ƙirga layuka don a faranta wa kowa. Bayan an fara hadda sai ƙananan gyare-gyare, a makon ƙarshe kuwa a tsaya, saboda bakin ɗan wasa yakan koma tsohon layi idan ya ga taro.

Kafin wannan makon a kira mutum biyu ko uku da ba su taɓa karanta wasan ba su kalli gwaji daga farko har ƙarshe. Kada a tambaye su ko ya yi kyau. A tambaye su wane ne wane, me ya sa Inna ta yi shiru tsawon lokacin nan, a ina hankalinsu ya tafi wani wuri. Inda suka kasa amsawa a mayar da layin da aka cire, inda hankalinsu ya tafi kuma a nan za a nemo daƙiƙun da za a biya shi da su.