Yadda ake kare mai raunin fahimta idan 'yan sanda sun kama shi a Legas

Raunin fahimta daban, taɓin hankali daban. Mai raunin fahimta da shi ya taso tun yarinta: yana da wuyar gane magana mai tsawo, yana tsoron mai kaki, kuma sau da yawa duk abin da aka tambaye shi sai ya ce "eh". Wannan "eh" ɗin ce ke kai da yawa gidan yarin Kirikiri ko na Ikoyi.

Saboda haka aikin lauya a caji ofis yake farawa. Sashe na 35(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya gana da lauya. Dokar shari'ar laifuka ta Legas ta ce a ɗauki amsa laifi a bidiyo, ko a rubuta a gaban lauyansa. In an riga an sa shi dangwala yatsa a takardar Turanci, a ƙalubalance ta tun lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa ta, bisa sashe na 29 na dokar shaida ta 2011. Wanda ya bari aka karɓa, ya wahalar da kansa.

Wajen ganawa, kada a ce masa "Ka gane?" A ce, "Malam, maimaita min abin da na faɗa da bakinka." Tambaya ɗaya, a jira amsa. A nemi tafintan Hausa. A kotu kyauta ne a ƙarƙashin sashe na 36(6) na kundin tsarin mulkin. Ɗan'uwa ya zauna kusa, amma kada ya amsa a madadinsa.

Doka na ɗaukar kowa mai hankali ne, kawo hujja na kan mai kariya. A tambayi mahaifiya yaushe ya fara magana, malamin allo ko ya wuce babbaƙu, maigidansa a Agege ko Mile 12 ko yana iya lissafin canji. Sannan a roƙi kotu ta sa likita ya duba shi, misali a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, don a san ko zai iya bin shari'ar.

A yi hattara da hujjar rashin hankali. In ta yi nasara, ana iya tsare shi ba ranar fita. A ƙaramin laifi, neman beli da sassauci ya fi. Iyalin da ba su da kuɗin lauya su je ofishin OPD na jihar Legas, wanda ke kare marasa hali kyauta.