Shekarar farko a Ingila: ka san inda za ka zuba ƙarfinka

Ƙanena, sannu da zuwa. Na san ka fara cin karo da abin da ba a gaya maka ba kafin ka hau jirgi. Ka gaida maƙwabci ya gyaɗa kai ya wuce, ka shiga bas kowa ya duƙufa kan waya, a wurin aiki a riƙa kiran sunanka yadda aka ga dama. Ni ma a shekarata ta farko a Manchester kullum raina a ɓace yake. In na taso daga aiki sai mu haɗu da abokai a waya, mu caccaki Turawa da rashin zumuncinsu, mu koma kan shugabannin gida da suka sa muka fito. Sai ƙarfe biyu na dare in kwanta, in makara sallar asuba, in isa aiki a gajiye. Hirar nan ba ta sa wani Bature ya sauya hali ba, ba ta kawo wuta a unguwarmu ta gida ba. Ni ne na rame, karatuna ya ja baya.

Ƙananan abubuwa ne suka dawo da ni hayyacina, kuma duk a hannuna suke. Ka yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, tun kana da lafiya, kyauta ne. Ka nemi lambar National Insurance, wadda ake amfani da ita wajen aiki da biyan haraji. Idan bizar karatun digiri ce ta kawo ka, awa 20 a mako ne iyakar aikinka muddin makaranta na buɗe. Wani zai ce maka kowa na zarcewa. Kada ka biye masa, domin ranar da aka gano, takardunka ne za su lalace, shi yana gefe.

Sai hunturu, wanda na fi so ka shirya masa. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba su zo a jere cikin awa huɗu. Duhun nan yana shiga zuciya. Mutum ya wayi gari komai ya fita daga ransa, ya ɗauka laifin mutanen garin ne, alhali jikinsa ne ke neman rana. Hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar shan bitamin D a watannin sanyi. Ka fita ka taka ƙafa da tsakar rana ko da sanyi na cizo, ka tsayar da lokacin barci, kada ka bar Juma'a ta wuce ka a ɗaki.

Wannan fa ba yana nufin ka haɗiye zalunci ba ne. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a nuna maka bambanci a wurin aiki saboda launin fata ko addini. Amma ita doka takarda take so. In wani ya ci maka mutunci, ka rubuta rana da lokaci da wanda ya gani. In ka kama haya, mai gida ya zama dole ya saka kuɗin ajiyar da ka ba shi na jingina a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Wani mai gida ya taɓa yunƙurin cinye nawa, hotunan da na ɗauka ranar da na shiga ɗakin su suka ƙwato min. Ofishin Citizens Advice na ba da shawara ba tare da ko sisi ba. Zuwa da kai ya fi aike.

A ƙarshen Yulin 2024, lokacin da ɓata-gari suka far wa masallacin garin Southport da ke arewa maso yammacin Ingila, da gari ya waye maƙwabta ne suka fito da tsintsiya da bulo suna gyara katanga. Na daɗe ina tunanin wannan. Maƙwabcin nan da yake gyaɗa maka kai, ka ci gaba da gaishe shi. Ka fitar da shara a ranar da aka tsayar, ka rage sautin waya da dare, ranar Sallah ka ƙwanƙwasa masa ƙofa da ɗan cincin.

Kuɗin da za ka riƙa turawa gida kuma, ka yanke adadinsa tun yanzu, ka faɗa wa Hajiya da bakinka, tun kafin a fara kiranka daga ko'ina.