Yadda na gyara fax ɗin biro da ke yankewa tsakiyar aike

Alhamdulillahi, fax ɗinmu ya dawo aiki. Injin nan ne mai haɗe da fotokopi da sikana, tun da aka maida layin tarhon biro ya bi ta akwatin intanet, in muka aika takarda Yamai sai ya kira, ka ji ƙarar nan ta haɗuwa, shafi ya tafi rabi sai ya katse ya fiddo rahoton kuskure.

Na canja igiyar tarho, na duba tana ramin LINE ba na EXT ba, na kashe injin na kunna, har muka fara zargin injin mutanen Yamai ne. Duk ba nan take ba.

Ashe gudu ne ya yi yawa. Injin yana aikawa a 33600, layin da ya bi ta intanet kuma ba ya ɗaukar wannan gudun, da sautin ya ɗan tsinke shi kenan. Na shiga Paramètres, sashen Fax, na sauke gudun aikawa zuwa 9600, gudun karɓa ma haka, kar a manta da shi. Sannan na kashe ECM, wato tsarin gyaran kuskure na injin, shi ne ke sa injin ya yi ta maimaita guntun da ya lalace har ya gaji ya yanke. Ingancin hoto na maida shi Standard daga Fine, don shafi ya yi sauƙi.

Na gwada da shafi ɗaya, rahoto ya fito OK, sannan na tura sauran. Yana ɗan jan lokaci yanzu amma yana isa cif. Na gode wa abokin aikinmu na Yamai da ya tsaya bakin injin yana tabbatar mini.