Yadda Ake Kula da Layukan Titi Domin Su Riƙa Haskawa da Dare a Legas

Abin da ke sa layin da aka shata a kan kwalta ya haska da dare shi ne ƙananan ƙwayoyin gilashi masu kama da yashi, waɗanda ake barbaɗawa a kan fenti tun yana ɗanye, domin su ne ke mayar da hasken fitilar mota zuwa idon direba. Saboda haka duk mai aikin hanya a Legas, ɗan kwangila ne ko ɗaya daga cikin leburorinmu na Agege da Idi-Araba, ya kamata ya riƙe cewa kula da layi kula da waɗannan ƙwayoyi ne.

Da farko a zagaya a duba layin bayan duhu ya yi, a cikin mota, da ƙaramin hasken fitilar motar. Layi yana iya zama fari fat da rana alhali ƙwayoyinsa sun zube, dare na yi sai ya ɓace. Akwai na'urar da ake ɗorawa a kan layi ta auna haskensa kamar yadda direba zai hango shi daga nisan mita 30, kuma ita ce ke raba gardama tsakanin ɗan kwangila da hukuma. A sake zagayen a daren da aka yi ruwa.

Sai wanki, wanda shi ne mafi araha, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. Yashin da tifofi ke zubarwa a hanyar Lekki zuwa Epe, da baƙin mai da man dizal na tankoki da tireloli a Apapa, da ƙurar hunturu, duk suna rufe ƙwayoyin. A share yashi da wuri, domin idan taya ta bi ta kansa goge gilashin yake yi. A wanke da ruwa mai matsakaicin ƙarfi, kada a tumɓuke ƙwayoyin da ake son ceto.

Idan wanki bai dawo da haske ba, sai sabuntawa, kuma a nan ne gwaninta take. A kankare tsohon layin da ya ɓare, a tabbatar titin ya bushe sarai, domin danshin da ke ɓoye cikin kwalta yakan sa sabon layi ya yi ƙuraje ya ɗago. Shi ya sa rani ya fi dacewa da aikin, daga Nuwamba zuwa Maris, kafin ruwan da ke tsananta a Yuni da Yuli. Fentin roba da ake narkarwa ya fi fentin ruwa ƙarko a titi mai cunkoso irin na Ikorodu. Ana dafa shi zuwa kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, a shimfiɗa shi da kaurin milimita 2 zuwa 3. Nan take, kafin ya huce, a barbaɗa ƙwayoyin, ta yadda rabin kowace ƙwaya ko ɗan fiye da haka zai nutse, sauran yana waje. Idan suka nutse gaba ɗaya haske ba zai same su ba, idan kuma suka tsaya a sama tayoyi za su kwashe su cikin 'yan makonni. A ganina, rowar ƙwayoyi ce ta fi ɓata wannan aiki, domin da rana ba mai gane an yi ta.

Titin kankare, kamar na Apapa zuwa Oshodi, yana buƙatar a fara shafa masa maganin da ke sa fenti ya kama, kuma yana da kyau a yi wa farin layi baƙin gefe domin ya fito daga launin siminti.

Ruwan sama yana lulluɓe ƙwayoyin har haskensu ya dushe. A wurare masu haɗari, kamar kwana da bakin gada da doguwar gadar Third Mainland, a yi amfani da manyan ƙwayoyi ko layi mai tudu-tudu wanda ruwa ke gangarewa daga kansa, a kuma dasa ƙusoshin nan masu ƙyalli da ake kira idon kyanwa. A kuma yashe magudanar ruwa, tunda layin da ambaliya ta shanye ba a ganinsa komai kyansa.

Bayan an gama, a jera mazugan roba a tare hanya har layin ya daskare, a nemi jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Legas, su taimaka wajen karkatar da motoci, sannan a rubuta ranar aikin da irin kayan da aka yi amfani da su domin zagayen dubawa na gaba.